Tuwon da Na Ci a Gidan Alhaji Sambo

Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ki Birmingham lafiya, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama, ya tsare ki a hanya da masauki da wurin aiki. Na san za ki yi dariya ki ce Baba ya rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu. To, yi dariyarki. Akwai maganar da uba ba ya iya faɗa yana kallon idon 'yarsa, balle 'yar da ke ɗauke da sunan mahaifiyarsa. Kin fita Oxford Road yin sallama da ƙawayenki, mahaifiyarki tana asibiti wajen aiki, ni kaɗai ne a gida da ruwan saman nan da ya ƙi ɗaukewa tun safe. Zan ɗora takardar a kan akwatinki. Ki karanta ta kafin Asabar, kafin ki hau bas.

Shekaranjiya a wajen cin abinci na ɓata miki rai, na sani. Kin zo da ɗokinki kina ba mu labarin aikin farko da za ki kai wa jaridar da ta ɗauke ki. Kin ce a makonnin gwajin da kika yi kina zuwa kina dawowa, wata mata mai aiki a gidan kula da tsofaffi ta tare ki ta ba ki takardu. Tun da aka rage abin da gwamnati ke bayarwa, kamfanin da ke riƙe da gidan ya sallami ma'aikata da yawa, amma ana ci gaba da cika takarda cewa an yi wa tsofaffi wanka, an juya su a gado, alhali ba wanda ya taɓa su. Sai kika ce, "Akwai sa hannun Uncle Garba a takardun, shi ne accountant ɗinsu. Amma tunda a gidansa zan sauka, I'll just talk to him first. Ai dole in gaishe shi in gaya masa, ba zan bari ya gani a jarida ba." Mahaifiyarki ta ce kin kyauta. Kika ci gaba, "Matar nan kuwa, Baba, she's so brave, wallahi. In aka gane ita ce, aikinta ya tafi, kuma visa ɗinta a jikin aikin take. Sunanta..."

Ban bari kin ƙarasa ba. Na ture kwano na miƙe, na ce zan duba tukunyar shayi, wadda ko ɗora ta ba a yi ba. Ina ji mahaifiyarki tana ce miki, "Ƙyale shi, gajiya ce." Kin ɗauka ban damu da aikinki ba. Na damu ƙwarai, kuma dalilin shi ne abin da ya sa na zauna da biro yau.

Bari in fara da Baturen nan naki na Amurka, wanda kika shekara kina tono tarihinsa don kundin kammala digirinki. Har yau harshena bai iya sunansa ba, amma na riƙe labarinsa tsaf. Mutumin ƙarni na sha tara, wanda ya fara da jera haruffan ƙarfe a maɗaba'ar wani, ya sayi tsohon inji ya ɗora a keken doki, ya sauka a wani ƙaramin gari ya kafa jaridar mako-mako. Ya yi suna wajen caccakar 'yan kwangilar hanya da masu haɗiye filaye, har mutanen gari suka ce wannan shi ya kamata ya tsaya mana, suka zaɓe shi majalisar jiha. Daga ƙarshe ya sayar da injin, ya ƙare yana riƙe da gidan wayar garin. A shafin farko kin rubuta cewa kin sadaukar da aikin gare ni, don ni ma na yi jarida na yi majalisa. Na karanta kundin a bas tsakanin Whalley Range da Hulme, lokacin ba a riga an rage mana kwanakin aiki a ɗakin karatu ba. Shafi uku nake yi a rana, ina kallon ƙamus.

Akwai wuri ɗaya da na daɗe a kansa. Kin ce jaridun da ya buga a shekarun da yake majalisa ba su da armashi, daga labarin ruwan sama sai farashin masara sai wa ya auri wa. Kika ce mai yiwuwa aikin majalisa ne ya yi masa yawa. Malaminki ya yarda, ya ba ki maki. Ni ban yarda ba. Ban taɓa taka Amurka ba, kuma mutumin ya mutu kafin a haifi kakan kakana, amma na san kamannin jaridar da mai ita ya fara cin abinci a gidajen mutanen da yake rubutu a kansu. Na sani ne don tawa haka ta koma.

Jaridarmu shafi huɗu ce, da Hausa, kowace Juma'a. Mu uku muka kafa ta a wani shago mai ɗaki biyu, kuma har ƙauyuka ana jiranta. Mutum ɗaya zai saya ya karanta wa goma a gindin bishiya. Da aka buga gangar siyasa, dattawan mazaɓarmu suka zo suka ce in tsaya. Na ji daɗi, kai ya kumbura, na tsaya na ci. Kuskurena na farko shi ne na ƙi sakin kujerar edita. Na ce zan riƙe biyun, in yi magana a zauren majalisa da safe in rubuta da yamma. Abin da ban lissafa ba shi ne, mutumin da za ki rubuta laifinsa ranar Alhamis shi ne wanda za ki roƙi ƙuri'arsa ranar Talata don a gina wa mutanenki rijiya. Ba wanda ya taɓa ce min in yi shiru. Ni da kaina na riƙa rage gishirin rubutuna kaɗan-kaɗan har ya zama lami. Ke ma za su zo miki, ki rubuta ki ajiye. Yarinya mai hijabi, mai Turancin Manchester, mai iya tsayuwa gaban jama'a, 'yan jam'iyya ba za su bar ki ki shekara biyu ba sai sun ce ki fito takarar kansila. In kina so ki yi, ba haramun ba ne. Amma ranar da kika karɓi fom, ki mayar wa jarida katinta.

Wannan ƙaramin kuskure ne in aka kwatanta da na biyu.

Akwai wani mutum, Malam Isiyaku, ma'aikacin ɗakin shan magani a wani ƙauye cikin mazaɓata. Siriri ne, mai yawan tari, kullum da farar riga da aka wanke har wuyanta ya fara zare. Wata rana ya zo ofishin jarida a kan keke, ya jira kowa ya fita sallah, sannan ya zaro kwalbar maganin yara daga aljihu. Ya sa farce ya ɓare takardar da ke manne a jikinta, sai ga wata tsohuwa a ƙasa. Maganin ya daɗe da wuce wa'adinsa, an dai manna masa sabuwar takarda an rarraba wa asibitocin karkara. Ya ce min, "Ɗan Majalisa, ina ba yara suna sha, zazzaɓi ba ya sauka. Ni ba na iya barci. Amma don Allah kada sunana ya fito, ina da iyali." Na dafa ƙirji na ce masa, "Malam, ko wuƙa aka ɗora min a wuya." Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Kamfanin da ya kawo maganin na Alhaji Sambo ne. Ba ki san shi ba, ya rasu kina ƙarama. Shi ne dattijon jam'iyyarmu, shi ya ɗaga hannuna a gaban jama'a ranar da aka tsayar da ni, kuma shi ya karɓa min auren mahaifiyarki, don mahaifina ya riga ya rasu. Na rubuta labarin duk da haka, kuma na rubuta shi da kyau. An jera shafin farko, saura a buga. Sai wani abu ya tsaya min a rai. Na ce yaya za a yi mutumin da ya zauna a matsayin ubana ya ga sunansa a jarida ban je na gaishe shi na faɗa masa da bakina ba? Ai wannan rashin tarbiyya ne. Ban je don in janye labarin ba, Allah shi ne shaida. Na je ne don in fita kunya.

Bayan la'asar na isa. Na tuɓe takalmi a ƙofar zaure, na durƙusa na gaishe shi, na zauna a gefen darduma na yi bayani kaina a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madalla da kai. Da wani ne, sai dai in gani a kasuwa. Ka nuna kai ɗan halak ne." Ya ce laifin yaran kamfani ne, zai bincika, za a kwashe maganin. Kafin in ce zan tafi an shigo da tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "A gidan ubanka?" Na sa hannu muka ci kwano ɗaya, yana tura min tsokar nama gabana. Muna wanke hannu, yana goge yatsunsa ko kallona bai yi, ya ce, "Wane bawan Allah ne ya lura da wannan abu? Ya kamata a gode masa."

Ummi, na san tambayar tarko ce. Ba yaro ba ne ni, ina da shekara talatin da wani abu. Amma ina zaune a ƙasa, ba takalmi, miyarsa a bakina, babba ya yi min tambaya. Duk abin da aka koya min tun ina rarrafe ya taso ya ce ba a yi wa babba shiru, ba a ce masa ba zan faɗa ba. Na ji bakina yana cewa, "Malam Isiyaku ne, ranka ya daɗe." Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi masa albarka.

Da na koma ofis na kasa buga shafin. Yaya zan ci tuwon mutum da la'asar in tona masa asiri da safe? Na ce a ɗaga zuwa mako mai zuwa, a sa labarin rabon taki a wurin. Mako mai zuwa bai taɓa zuwa ba. Kafin wata ya ƙare an mayar da Malam Isiyaku wani ƙauye a bakin iyaka, bayan nan aka ce an sami kuskure a takardunsa aka sallame shi. Ko an kwashe maganin ko ba a kwashe ba, ban sani ba, don ban bincika ba. Ina tsoron amsar.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Dole ki ji ta bakin wanda ake zargi, wannan haƙƙinsa ne, kuma editanki zai gaya miki haka. Amma ki tambaye shi da takalminki a ƙafa. Ki rubuta masa daga ofis, ko ki kira shi editanki yana zaune kusa, ko ku haɗu a inda za ki zauna a kujera daidai da tasa, ba kwano a tsakaninku. Duk ɗakin da sai kin tuɓe takalmi kin russuna kafin ki shiga, ba ɗakin tambaya ba ne a gare ki, ɗakin amsa ne. Kada ki ce ai ke a nan kika girma, abin ba zai kama ki ba. Na ga yadda kike sunkuyar da kai in Garba ya shigo, na ga yadda muryarki ke yin ƙasa. Ni na koya miki, kuma na yi alfahari da hakan a gaban mutane. Da kika ce za ki fara gaishe shi, maganata ce ta shekara ashirin da wani abu na ji tana fitowa daga bakinki.

Kuskure na uku shi ne ban je wurin Malam Isiyaku ba. Kullum sai in ce gobe. Na san ƙauyen, ina da mota, ina da direba. Kunya ta hana ni, irin kunyar da ba ta amfanar kowa sai mai ita. Sai da muka zo tafiya ƙasar nan, na je tasha sallamar wani, na gan shi da kwali a hannu yana bin motoci yana tallar maganin ciwon kai da man zafi. Na so in ɓuya bayan wata mota amma ya riga ya gan ni. Ya zo har inda nake ya ce, "Ɗan Majalisa, ina gajiya? Yaya iyali?" Na amsa ina in'ina. Ya ce, "Na ji an ce za ku Ingila. Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Bai zage ni ba, bai tambaye ni komai ba, ya juya ya bi wata mota da ta fara lodi. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Na laluba aljihu, na kuma ji kunyar miƙa masa, na tsaya kamar gunki har ya ɓace cikin mutane. In kika cuci wani a aikin nan, kuma za ki yi kuskure ko ba jima ko ba daɗe, ki je a makon, ki tsaya gabansa ki ce ni ce. Laifin yana ƙara nauyi ne kullum, ba ya raguwa.

Na huɗu ke na yi wa. Na bar ki kin girma kina gaya wa ƙawayenki cewa sojoji ne suka kori babanki saboda alƙalaminsa. Ban taɓa faɗa miki haka ba, amma ban taɓa gyara miki ba, kuma in kina faɗa ina jin daɗi. Gaskiyar ita ce sojoji sun rushe majalisa, kowa ya koma gida, mai gaskiya da maras gaskiya. Jarida kuwa ta riga ta mutu kafin su zo. Mutanen gindin bishiya sun gane ba abin da ya rage a cikinta sai taki da ɗaurin aure, suka daina saye. Mun zo Manchester ne don mahaifiyarki ta sami aikin asibiti, ni na biyo ta da ke a kafaɗa. Baturenki ya ƙare a gidan waya, ni na ƙare ina jera littattafai kwana biyu a mako, sauran kwanakin ina jiran a kira ni tafinta a wajen likitan unguwa, in an kira. Ban raina ba, abinci ne na halal. Amma ranar da na ga sunana a shafin farko na kundinki sai da na sauka daga bas tun ban kai ba, na zauna a wata tasha ina kallon motoci. Ki yafe min wannan.

Na gaji, Ummi. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, na gaji da garin da kullum ana rufe wani abu, yau ɗakin karatu, gobe wurin wasan yara. Amma gajiyar riƙe maganar nan ta fi duka, kuma yanzu da na rubuta ta ban ji wani sauƙi ba tukuna.

Saura maganar masauki, wadda ita ma ni na ɓata. Kin so ki zauna wurin ƙawarki har ki sami ɗaki, na hau faɗa na ce 'yata ba za ta kwana a kujerar falon baƙi ba alhali Garba, abokina tun sakandare, yana da gida ɗakuna birjik. Na janye. Ki kira ƙawarki yau. Kujerar za ta sa miki ciwon baya, ki sayi filo mai kyau, bayan zai warke.

Ɗazu da hantsi na kira Garba na gaya masa ba za ki sauka wurinsu ba. Mun yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifiyarki, ya tambayi gwiwata, ya tuna min shekarar da na zo ban san kowa ba ya zagaya da ni gari. Sannan ya ce, "Ko dai yarinyar ta ji wani abu ne game da care home ɗin nan na tsofaffi? An ce cikin staff akwai mai surutu. Kai ai ba za ka ɓoye min ba. Waye?" Muryarsa a sanyaye, irin ta Alhaji Sambo a wancan zauren. Ina tsaye a kicin ɗina, a gidana, da furfurata, amma wallahi na ji kamar in durƙusa, na ji bakina ya buɗe da kansa. Sai dai ba komai a cikinsa. Na ce, "Garba, ban san komai a kan aikinta ba, in akwai magana ofishinsu za su neme ka." Rabi gaskiya, rabi ƙarya, Allah ya yafe min rabin. Ya ce to, muka yi sallama a daƙile. Mai yiwuwa abotar shekara arba'in ta tafi ke nan. Ban ce shi mugu ba ne, ban san iyakar abin da ya sani ba, wannan aikinki ne ki gano, kuma ki yi masa adalci. In labarin ya fito, ni zan raka ki mu je mu gaishe shi, in ya buɗe mana ƙofa.

Na ajiye wayar a tsorace, don na san da na bari kin ƙarasa maganarki shekaranjiya, ba zan iya rantse miki cewa da na riƙe ba. Shi ya sa na tashi duba shayin da ba a ɗora ba. Saboda haka ga roƙona, kuma shi ne kaɗai abin da nake nema a wurinki cikin duk wannan dogon surutu. Kada ki faɗa min sunan matar nan. Ko na tambaye ki, ko na yi fushi, ko na ce ni ne ubanki. Kada ki faɗa wa mahaifiyarki, don ita ba ta ɓoye min komai. Ki ba ni labarin ruwan Birmingham da tsadar ɗaki da halin editanki, zan saurara har ki gaji. Wannan ɗaya ki hana ni.

Ki ɗauki baƙar rigar sanyin, ba mai kyan nan maras nauyi ba. Ki yi rajistar likita a makon farko. Ki riƙa kiran mahaifiyarki ta ji muryarki, saƙon waya ba ya isarta. Yajin da ta daka miki yana aljihun gefe na jakar, a ƙulle cikin leda biyu.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na harshenki. Allah ya ba tsofaffin nan masu tausaya musu. Allah ya jiƙan Alhaji Sambo, ya saka wa Malam Isiyaku in yana raye, ya yi masa rahama in ya riga mu. Ita kuma baiwar Allah da ta ba ki amana, Allah ya rufa mata asiri ya tsare mata aikinta. Ina sa ta a addu'a bayan kowace sallah, kuma Allah ya san wadda nake nufi ba sai na ambata ba.

Wassalam.

Mahaifinki.